Darasi na 9: Yadda Ake Duba Rufin da Ya Lotsa Kafin a Kama Haya ko a Sayi Gini

Duk wanda ya bi titunan Bompai, ko ya ratsa Sharada, ko ya gangara Challawa ta hanyar Panshekara, zai ga dogayen gine-gine masu faɗin rufi, wasu na aiki wasu kuma a garƙame. Bompai ce tsohuwa a cikin unguwannin masana'antun Kano, domin tun wajejen samun 'yancin kai aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Daga baya aka yanka Sharada kashi uku, sannan Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, ta zama matattarar manyan majemu saboda kusancinta da kogi. Tun daga shekarun da suka biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga waje suka haɗu, masana'antu da yawa sun rufe, musamman masaƙu. Amma gine-ginen ba su tafi ko'ina ba, hannu kawai suka sauya. Inda aka saƙa yadi jiya, yau ana gyaran shinkafa, ko narka roba, ko ɗura ruwan leda, ko kuma an mai da wurin sito. Gidajen da aka gina wa manajoji da ma'aikata a gefen kamfanonin su ma sun shiga hannun 'yan haya da masu saye. Ke nan mutum yana gadon rufin da bai ga ranar da aka ɗora shi ba, bai kuma san abin da aka yi masa a tsawon shekaru ba.

Abin da wannan darasi yake son kafawa guda ɗaya ne. Girman lotsawar da ido ya gani a kan rufi ba shi ne ma'aunin haɗarinta ba. Ma'aunin shi ne sanin abin da ya lanƙwashe a cikin sassan rufin, da dalilin da ya sa ya lanƙwashe. Akwai rufin da za a hango ya yi tudu da kwari tun daga bakin titi, amma zai ƙara shekaru goma bai cutar da kowa ba. Akwai kuma wanda karkatarsa ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, a jikin wani ƙarfe guda da ba a lura da shi, alhali saura damina ɗaya ya rufta. Mai duba gini da ya tsaya ga abin da ya hango daga waje zai tsoratar da mutane inda babu abin tsoro, ya kuma kwantar musu da hankali inda ya kamata su tashi tsaye.

Fata, haƙarƙari da ƙwarangwal

A ƙasashe irin su Amurka, yawancin gidaje ana shimfiɗa musu faffaɗan filawud a kan raftoci kafin a ɗora abin rufin na waje. Masu duba gidaje a can sun saba da ganin wannan shimfiɗa ta kumbura ta yi ƙusumbi, kuma sanadin da ya fi yawa sananne ne: filawud yana shan danshi ya faɗaɗa, shi ya sa masu ƙera shi suke cewa a bar tazarar milimita 3 tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa. Idan kafinta ya matse su, ranar da suka sha laima ba su da inda za su miƙe, sai su turo sama. A Kano ba kasafai ake yin wannan shimfiɗa ba, sai a wasu ofisoshi da sababbin gidaje. Namu rufin hawa uku ne. Akwai kwanon kansa, ko na ƙarfe mai ruwan tutiya, ko na alminiyam, ko a tsofaffin gine-gine falle-fallen asbesto. A ƙarƙashinsa akwai katakai ko ƙarafan da aka gicciya ana buga kwanon a kansu, waɗanda za mu kira haƙarƙarin rufi. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai ƙwarangwal, wato manyan raftocin da aka haɗa kusurwa uku-uku, waɗanda suke ɗauke nauyin duka su sauke shi a kan bango ko ginshiƙi. Tambayar farko ga duk lotsawar da aka gani ita ce: a wane hawa take?

Mu fara da kwanon, domin shi ne ya fi jan ido kuma shi ne ya fi sauƙin sha'ani. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya takure idan ya huce. Kowace mita ɗaya ta alminiyam tana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a duk digiri ɗaya na zafi, ta baƙin ƙarfe kuwa da kusan rabin haka, wato 0.012. Lissafin kamar ba komai ba ne, sai an ɗora shi a kan yanayin Kano. Da asubahin hunturu, a Disamba ko Janairu, kwano yakan yi sanyi zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. Da azahar ɗin Afrilu, lokacin da iska kanta take kai digiri 40, fuskar kwanon da rana ke duka tana iya kai digiri 70. Tsakanin nan da can digiri 55 ne. Dogon falle na alminiyam mai mita 15, irin wanda ake rufa sito da shi, zai ƙaru da kusan santimita 2 a wannan tsakani, na baƙin ƙarfe kuma da kusan santimita 1. Idan an ɗaure fallen tam da ƙusa ko noti a kowane layi ba tare da an bar masa wurin motsi ba, wannan ƙarin tsawo sai ya fito a matsayin 'yan tuddai tsakanin ƙusa da ƙusa. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a rufi idan rana ta ɗaga ko ta faɗi, motsin nan ne.

Ana gane irin wannan kumburi da alamu masu sauƙi. Yana bazuwa ko'ina a fuskar rufin kusan daidai wa daida, yana ƙaruwa da rana ya ragu da sassafe, kuma tsinin rufin na sama da bakinsa na ƙasa suna nan a miƙe sambal. Haka nan lotsawar da ƙafar mutum ta yi, wadda takan bi layi daga inda ake jingina tsani zuwa inda aka ɗaura eriya ko tanki. Duk waɗannan ba sa kayar da gini. Amma kada a ce ba su da illa. Fallen da yake kai da komo kowace rana yana cin bakin ramin ƙusarsa har ramin ya yi tsawo, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusar kuma rana ta busar da ita ta tsage. Daga nan yoyo yake farawa, ɗigo-ɗigo, kuma ɗigon a kan haƙarƙarin rufin yake sauka. Siririn kwano ya fi saurin yin haka, shi ya sa bambancin alminiyam mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.7 ba na ado ba ne kawai, kuma wanda zai saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko wani wuri ya kamata ya sa a auna kaurin a gabansa.

Idan lotsawar ta zo da tsari, wato rufin ya yi kwari tsakanin kowane ƙwarangwal da na gaba da shi, ya kuma yi tudu daidai kan ƙwarangwal ɗin, to magana ta sauko hawa na biyu. Haƙarƙarin ne suka sunkuya. A nan akwai lissafi biyu da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe, domin suna bayyana kusan duk abin da zai gani. Na farko, lotsawar katako tana ƙaruwa da tazarar da ke tsakanin madogaransa ta hanya mai tsanani: idan aka ninka tazarar sau biyu, nauyin kowace mita bai canza ba, lotsawar za ta ninka sau 16. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka ƙara, za ta ninka kusan sau biyu da rabi. Saboda haka kafintan da ya rage ƙwarangwal ɗaya ko biyu don kuɗin katako ya isa, ya ɗan buɗa tazarar sauran, ya yi ɓarnar da ta fi abin da ya zata. Na biyu, katakon inci biyu da huɗu da aka tsayar a kan gefensa ya fi wanda aka kwantar a kan faɗinsa ƙin lanƙwasa sau huɗu, alhali katako ɗaya ne, kuɗi ɗaya. Mai duba rufi da ya ɗaga tocila ya ga an kwantar da katakai, ya riga ya sami rabin amsarsa.

Sai kuma halin katakon kansa. Mafi yawan wanda ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa da sauran kasuwanni daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma sau da yawa yana isowa da ɗanyantakarsa. Idan aka buga shi a haka, hunturun Kano ne zai busar da shi a kan rufin. Yana bushewa yana takurewa ta faɗi, yana murɗewa, yana tsagewa daidai inda ƙusa ta shiga, ƙusar kuma ta saki. Katakon da ya bushe da nauyi a kansa yakan daskare a lanƙwashe, ba ya komawa. Wannan aibi ne, amma aibi ne mai iyaka, domin idan katakon ya gama bushewa yakan tsaya inda ya tsaya. Wanda ba shi da iyaka shi ne na gara da na ruɓa. Gara tana hawa ta cikin ramukan bulo ko ta bayan filasta, ta cinye cikin katako ta bar fatarsa, har mutum ya gan shi kamar lafiyayye. Baƙin man da ake shafawa yana taimakawa a farko, amma ba ya shiga can ciki, kuma duk inda aka yanka da zarto bayan an shafa, an buɗe ƙofa. Ruɓa kuwa tana kama katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, abin da a Kano ba ya faruwa sai inda ruwa ke zuba a kai a kai. Shi ya sa ba a duba katako da ido kaɗai. Ana soka masa bakin sukundireba, musamman a ƙarshensa inda ya hau bango, a kuma ƙwanƙwasa shi a saurari ko zai yi amon holoƙo.

Hawa na uku shi ne inda rai yake shiga haɗari, kuma shi ne inda alamar ta fi ƙanƙanta. A cikin ƙwarangwal, wasu sanduna jan su ake yi, wasu kuma danne su ake yi daga kai da gindi. Wadda ake ja ba ta lanƙwashewa. Wadda ake dannewa ita ce abin lura. Ɗauki karan dawa ka tsayar da shi a ƙasa ka danna da tafin hannu: zai jure, ya jure, sannan farat ɗaya ya gantsare ya karye, ba tare da ya ba ka dogon gargaɗi ba. Idan wani ya riƙe tsakiyarsa da yatsa biyu kawai, sai ka ga ya ɗauki nauyin da ya fi na farko nesa ba kusa ba. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: idan tsawon sandar da ba a tallafe ba ya ninka sau biyu, nauyin da za ta iya ɗauka kafin ta gantsare yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'anar wannan a masana'anta ita ce, 'yan siraran ƙarafan nan da aka gicciya tsakanin ƙwarangwal da ƙwarangwal, waɗanda ake gani kamar ba su ɗauke da komai, su ne masu riƙe tsakiyar. Kuma su ne farkon abin da mai walda yake yankewa idan sabon ɗan haya ya kawo injin da ya fi tsohon tsayi, ko yana son wurin fitar da bututun hayaƙi. A ginin da ya daɗe a rufe kuwa, su ne farkon abin da ɓarayin ƙarfe suke kwancewa.

Ba a Najeriya kaɗai ake raina irin wannan alama ba. A birnin Hartford na Amurka, rufin ƙarfe na babban zauren wasanni ya rufta da asubahin 18 ga Janairun 1978, 'yan sa'o'i bayan dubban 'yan kallo sun watse daga wasan ƙwallon kwando. Dusar ƙanƙara ce ta ƙarasa shi, amma bincike ya nuna cewa sandunan saman da ake dannewa ba su sami isasshen tallafi ba, kuma tun lokacin da ake ɗora rufin an auna an ga ya lotsa kusan ninki biyu na abin da aka lissafa, aka ce ba komai. Ya tsaya shekaru a haka kafin ya faɗi. A nan gida, rufin ƙarfe na wani coci a Uyo ya rufto kan masu ibada ranar 10 ga Disamban 2016, mutane da dama suka rasu. Faffaɗan rufin da babu ginshiƙi a tsakiyarsa, irin na sito da masana'anta, idan sanda ɗaya ta gaza sai nauyinta ya koma kan maƙwabciyarta, ita ma ta gaza, a haka har ƙarshe.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da abubuwan da ke yin aikinta. Manyan masana'antu sukan zama rumfa biyu ko uku a jere, da magudanar ruwa a kwarin da ke tsakaninsu. Duk hunturu ƙura tana taruwa a wannan kwari, ganyen darbejiya da leda su haɗu da ita su toshe bakin bututun. Ruwan farko mai ƙarfi idan ya sauka ba shi da mafita. Ruwa mai zurfin santimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya kilo 10 ne. Idan ya kwanta a fili mai mita 5 da mita 4, zurfin santimita 5, ya kai tan ɗaya, nauyin buhun siminti 20. Mafi muni, nauyin yana ƙara lotsa wurin, lotsawar tana ƙara tara ruwa, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, kuma a watan Agusta rufin ba ya samun hutun da zai bushe. A kan wannan sai a ƙara abin da mutane suke ɗorawa da hannunsu. Tankin lita 1,000 tan ɗaya ne idan ya cika. Farantin sola ɗaya yana kai kilo 20 zuwa 30, kuma yau da tsadar dizal ta sa kowa yana neman sola, ana jera arba'in ko ɗari a kan rufin da aka lissafa shi don kwano da iska kawai. Haka nan sarƙar ɗaga kaya da ake ratayawa a tsakiyar sandar ƙasa ta ƙwarangwal don a sauke inji, wurin da ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba.

Sana'ar da aka yi a ƙarƙashin rufi ita ma tana barin tabonta, kuma a ganina wannan ne abin da aka fi mantawa da tambaya. A majema ana aiki da gishiri mai yawa wajen adana ƙiraga, da sinadaran cire gashi masu fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga danshi kullum. Waɗannan suna cin ruwan tutiyar da ke kare kwano, su kama ƙarfe da tsatsa daga ciki. A wurin turara shinkafa ko rini, tururi yana tashi ya tarar da kwano mai sanyi a daren hunturu, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a kan haƙarƙarin rufin alhali ko hadari babu. Saboda haka rufin da ke Challawa yana iya yin kyau daga sama ya zama ya cinye daga ƙasa. Tsatsar da take ja-ja a fuska kawai ba abin damuwa ba ce sosai. Wadda take ɓamɓarowa falle-falle, musamman a mahaɗa, a gindin noti da inda aka yi walda, ita ce ke nuna naman ƙarfen ya ragu. Akwai kuma lanƙwasar da ba ƙasa ta yi ba, sama ta yi. Guguwar farkon damina, a Mayu da Yuni, tsotsar rufi take yi, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da bakin rufi da tsininsa. Idan babbar ƙofar sito tana buɗe ta ɓangaren da iskar ke fitowa, iska ta shiga ta tura daga ciki yayin da ta waje ke ja. Fallen da ya ɗaga a kusurwa, ko ƙusar da ta fito da kai, shaida ce cewa rufin ya taɓa yunƙurin tashi, kuma abin dubawa a nan shi ne yadda aka ɗaure ƙwarangwal da bango, ko da langa-langa ko da rodi ko da noti, da ko ɗaurin yana nan.

Tsarin dubawar ya fito daga abin da ya gabata. Ana farawa daga nesa, da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana yake a kwance yana fito da kowane tudu da kwari. A dubi tsinin rufin ko yana miƙe, a dubi saman bango ko ya tsage ko ya buɗe waje, domin ƙwarangwal ɗin da ya zauna yakan tura bangon da ke riƙe da shi. Sannan a shiga ciki da tsakar rana, a kashe fitilu, duk ramin da ke jikin kwano zai nuna kansa da haske. A gida mai silin dole a buɗe ƙofar silin a leƙa da tocila, domin tabon ruwa a jikin silin yakan bayyana nesa da inda ruwan ya shigo. A ja zare daga wannan madogara zuwa waccan a auna tazarar da ke tsakanin zaren da tsakiyar katakon. Injiniyoyi sukan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin 200 na tsawon a matsayin iyaka, wato santimita 3 a mita 6. A tsaya a ƙarshen ginin a dubi ƙwarangwal ɗin a jere, ko duk suna tsaye ko wani ya kwanta gefe. Hawa kan rufin shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a bukatarsa. Kada a taka rufin da ba a duba ƙasansa ba. Asbesto kuwa kada a taka shi ko kaɗan: idan ya tsufa yana fashewa ne babu gargaɗi, kuma ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu, don haka ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a share shi a bushe.

Abin da za a ce, da amsarsa

Mai gini ko dillali zai ce wannan rufi ya shekara arba'in a haka bai faɗi ba, me zai sa ya faɗi yanzu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Tsawon rai shaida ce cewa an yi aikin farko da kyau, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ƙarafan Bompai da Sharada sun fi na yanzu kauri. Amma shaidar tana aiki ne kawai idan abubuwa biyu ba su canza ba: nauyin da ke kan rufin, da ƙarfin abin da ke ɗauke da shi. Shekarun nan arba'in su ne kuma shekarun da tsatsa da gara suka yi suna aiki, kuma sabon ɗan haya ya zo ne da niyyar canza nauyin. Hanyar raba gardama ba ta da tsada. A ja zaren a rubuta awon da kwanan wata a jikin bango, a sake aunawa bayan damina. Lotsawar da ta tsaya cik tsohon tarihi ce. Wadda ta ƙaru ko da milimita kaɗan, aiki ne da ke ci gaba.

Wani zai ce ai kafinta ko mai walda da ya shekara ashirin a sana'a ya fi injiniya sanin rufi, kuma kuɗinsa bai kai ba. A hawa na ɗaya da na biyu na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Gogaggen kafinta yana gane ɗanyen katako da nauyinsa a hannu, yana gane aikin gara kafin ya taɓa, kuma kiran injiniya don ƙusar da ta saki ɓarnar kuɗi ce. Amma tambayar ko ƙwarangwal mai faɗin mita 20 zai ɗauki sola ɗari, ko kuma wace sanda za a iya yankewa ba tare da saura sun gantsare ba, tambaya ce ta lissafi, ido ba ya amsa ta komai ƙwarewarsa. A nan ana bukatar injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN, wanda zai sa hannu da hatimi a kan abin da ya faɗa, aikin gyaran kuma ya kasance ƙarƙashin magini mai rajista da hukumar CORBON. Idan gyaran ya kai ga sauya fasalin ginin, akwai izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA. Kuɗin injiniya na yini ɗaya a kwatanta shi da darajar shinkafar da za a jibge a ƙarƙashin rufin, balle rayukan ma'aikatan da za su yi aikin dare a wurin.

Akwai masu cewa a sauƙaƙa, a sayi sabon kwano a rufe, magana ta ƙare. Wannan ita ce shawarar da ta fi yaɗuwa, kuma ita ce na fi jin tsoro. Sabon kwano a kan haƙarƙarin da suka sunkuya zai bi siffarsu kafin damina biyu. Idan kuma aka ɗora shi a kan tsohon ba tare da an cire ba, an ƙara nauyi, an kulle danshi a tsakani, an kuma shafe shaidar da mai duba na gaba zai karanta. Ginin da aka sa a kasuwa da sabon rufi mai sheƙi da sabon silin ya cancanci a fi tsananta masa bincike, ba don ana zargin mai shi ba, sai don idon mai saye ba shi da abin kamawa daga waje. Idan mai gini ya ƙi a buɗe silin, a rubuta a rahoto cewa ba a ga wannan sashe ba, kuma ba a ɗauki alhakinsa ba.

Ƙorafi na ƙarshe ya fito daga ɗaya ɓangaren, kuma shi ma yana da nauyi: idan aka bi wannan tsanani, babu rufin da zai tsira a Sharada, kuma masu ƙaramin jari da suke farfaɗo da waɗannan wurare za su rasa inda za su zauna. Amma rarrabewar da muka yi ita ce take hana hakan. Mai duban da bai san hawa uku ba shi ne yake yanke wa kowane rufi hukunci ɗaya. Wanda ya sani zai ce wannan sauya ƙusa da roba kawai yake so, wannan a ƙara masa katako tsakani, wannan a yashe magudanarsa kafin Mayu, wancan kuwa kada kowa ya kwana ƙarƙashinsa sai injiniya ya gani. Rahoton da ya faɗi wurin da aibin yake, da hawan da yake, da awonsa, da sanadin da ake zato, da hoton da aka ɗauka da waya, yana ba ɗan haya abin da zai yi ciniki da shi. Sai a sa a cikin takardar yarjejeniya wanda gyaran ƙwarangwal yake kansa, wanda yashe magudana yake kansa, da sharaɗin cewa ba za a yanke ko a rataya komai a jikin rufin ba sai da rubutaccen izini.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zaɓi rufi ɗaya a unguwarsu ko wurin aikinsa, da izinin mai shi, ya dube shi daga nesa da safe da kuma da azahar, ba tare da ya hau ba. Ya zana siffar lotsawar da ya gani, ya rubuta hawan da yake ganin tana ciki da hujjarsa. Sannan ya lissafa yawan miƙewar fallen alminiyam mai mita 10 idan zafinsa ya tashi daga digiri 20 zuwa 65, ya kawo amsar aji a mako mai zuwa.